Giwan Ruwa a Tafkin Ladan

Yayana Ladan mutum ne da idan ya ji sabon abu daga bakin mai wando da takalmi, ba ya samun sukuni sai ya gwada. A shekarar da aka ba mu mulkin kai, wani malamin gona na En'e, wato hukumar gargajiya, mai suna Nuhu ya sauka Boɗinga da kekensa da 'yar jakarsa, yana gaya wa mutane wai ana kiwon kifi yadda ake kiwon kaji. Kasuwa kaf aka yi masa dariya, ban da Ladan. Yana da lambu a fadamar da ke hanyar Dingyaɗi, a ƙarshen lambun kuwa akwai wani rami da aka daɗe ana ɗibar ƙasar gini a ciki, har aka cim ma idon ruwa, ba ya ƙafewa ko da bazara. Ladan ya sa aka faɗaɗa ramin, aka tayar masa da ganuwa, aka kewaye shi da ƙaya. Daga ranar ya hana kowa ce masa kududdufi, sai dai tafki.

Ni ne Sama'ila, ƙanensa, tela a kasuwar Boɗinga. A wannan shekara kaina ya fi hulata girma. Ni aka ba ɗinkin tutoci kore da fari na 'yan makaranta, kuma na taɓa zuwa Argungu na ga an fito da giwan ruwa wanda sai da mutum uku suka kama kafin ya tashi daga ƙasa. Tun daga nan nake ganin babu abin da za a gaya mini a kan kifi. Akwai wata mata a Shagari da in tana raye ba zan buɗe baki da wannan labari ba. Bara aka yi mata sutura, shi ya sa.

Nuhu ya san takarda, amma bai san ruwa ba, kuma ya yi adalci ya faɗa. Ya ce a nemo masunci na ƙwarai ya zaɓi irin kifin da za a zuba. Ba mu yi wani tunani ba, domin kowa ya san Ɗanbaba. Basarke ne, wato masuncin gado, da ke zaune a Shagari, ya haura sittin, aminin mahaifinmu marigayi Malam Muhammadu. Tun muna yara duk kaka sai ya aiko gidanmu da banda a cikin tabarma, har bayan rasuwar Malam bai fasa ba. Ba shi da gona, ba shi da ko akuya. Abin da Allah ya ba shi ido ne. Yakan tsaya a bakin gulbi ya dubi motsin ruwa ya faɗi kifin da ke ƙasa. A kawo masa ɗan kifin da bai fi farce ba, ya faɗi sunan uwarsa. In gardama ta kaure tsakanin masu su, sai ka ji an ce a kai wa idon Ɗanbaba, daga nan magana ta ƙare.

Ya zo ranar wata Laraba, ruwan sama ya ɗauke ke nan. Ya naɗe wando ya shiga tafkin da sanda yana auna zurfinsa, ya ɗebo laka ya murza ya shinshina, mu kuwa muna tsaye a kan ganuwa muna kallonsa kamar masu jiran hukunci. Da ya fito sai ya zauna ya bi mana kifayen ɗaya bayan ɗaya. Ya ce tarwaɗa tana da juriya, amma ba ta da amana, ranar da aka yi ruwa mai yawa sai ta bi ciyawa ta yi tafiyarta, ka wayi gari kana ciyar da kwaɗi. Gaiwa ta shige laka ka yi ta haƙa, in ka kamo ta kuma matan gida su ce ba su ci. Kurungu ƙaya ce zalla, ya yaga taru, kuma ba ya girman kirki. Ya ce a zuba karfasa ita kaɗai. Tana cin dusa da ganye, tana hayayyafa da kanta, kuma babu gidan da za a kai ta a mayar.

Maganar ta yi wa kowa daidai, ban da ni. Ƙasa ta samu 'yanci, ana ta maganar manyan abubuwa, mu kuma a ce mu tara karfasa, kifin da ko tsohuwa ke kamawa da ƙwarya. Na gyara murya na ce masa, Baba, giwan ruwa fa? In za a yi abu ai a yi babba.

Ya ɗago ya dube ni, ba da fushi ba, yana ma murmushi.

"Ɗan Malam, ka taɓa ganin wanda yad ɗaure kura cikin garken awaki don ta yi ƙiba? Tsaya ga allurakka, ka bar muna ruwa."

Aka bushe da dariya. Ladan har da riƙe ciki, Nuhu kuma ya ce wannan magana zai riƙa faɗinta a duk ƙauyen da ya je. Ni ma na yi yaƙe. Amma wallahi maganar ta ƙona mini rai, na koma shago na kwana uku ina taka keke ina ba tsohon amsa a zuciyata.

Bayan mako biyu Ɗanbaba ya aiko cewa iri ya samu. Lokacin kakar gyaɗa ne, Ladan kuwa mai sayen gyaɗa ne, ba ya iya barin sikeli, sai ya tura ni. Na isa Shagari da hantsi na tarar da tsohon a gindin wata tsamiya a ƙofar gidansa, da manyan ƙorai cike da ruwa a gabansa. 'Ya'yan kifin da ya kamo a bakin fadama ne yake tacewa. Ɗaya-ɗaya yake ɗauka da tafin hannu, ya duba, ya jefa a tulu. 'Yarsa Rahamatu, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida tana yi masa banda, ita ke sauya ruwan. Ya ƙi yarda a sa su a garwa, ya ce garwa tana ɗaukar zafi, tulu ne ke riƙe rai.

A gefe guda ya aje wata 'yar ƙwarya. Da na leƙa sai na ga kifi huɗu a ciki. Uku sun kai tsawon tafin hannu. Na huɗun kuwa ɗan mitsitsi ne, ni ban ga abin da ya raba shi da karfasa ba, sai da tsohon ya ɗaga shi ya nuna mini faɗin bakinsa da wani ƙyalli a ƙwayar idonsa. Ya ce ga kurayen nawa nan, 'ya'yan giwan ruwa ne, sun biyo taru. Sun yi ƙanƙanta da tukunya, in rana ta yi sanyi zai mayar da su gulbi su je su girma.

Har yau ban san ko tun a lokacin na ƙulla abin a raina ba. Na dai ji bakina yana cewa ya ba ni su, ai hanyar bakin titi ta gefen ruwa take bi, sai in zuba masa. Ya yi mini godiya, ya ce na hutar da ƙafarsa.

Aka ɗora mini tuluna biyu a kan jakin maƙwabcinsu, aka rufe bakinsu da ganye, na kora shi ni kaɗai. Da na zo gefen ruwa na tsaya, ƙwarya a hannu. Babu kowa sai wasu shanu can nesa. Na ce wa kaina kifi huɗu me za su ci a cikin ɗaruruwa. Na hango kaina baɗi war haka, an ja taru an fito da ƙaton giwa a gaban jama'a, ni kuma in matso in ce, Baba, ga kurar nan ta yi ƙiba kuma awaki na nan. Iyakar abin da nake nema ke nan, in rama dariya ɗaya. Na ɗaga ganyen na juye su a tulu, na ɗauraye ƙwaryar na rataye a jikin jaki.

Da farko komai ya tafi daidai. Kullum da safe Ladan zai je da dusa ya watsa, ruwan ya dinga tafasa da kawunan karfasa, shi kuma ya tsaya yana washe baki. Duk baƙon da ya yi, ko gaisuwar mutuwa ya zo, sai an kai shi ya ga tafki. Da sanyi ya shigo sai tafasar ta ragu. Nuhu ya ce sanyi ne ya kora su ƙasa. Sanyi ya wuce, ba su dawo ba. Ladan ya zargi zalɓe, ya sa aka kafa mutum-mutumi. Ya zargi ɓarayi, ya ƙara ƙaya, har ya yi faɗa da maƙwabcin lambunsa a kan sawun da daga baya aka gane nasa ne. Ni kuwa nakan ga wani abu ya gilma a ƙarƙashin ruwa, ƙananan su watse, sai facal. Ranar da na fara gani daɗi na ji. Daga baya na daina bin hanyar lambun.

A ƙarshen bazara, wata takwas da zubawa, Ladan ya sa ranar kamu. Bai yi abin a ɓoye ba, don ba halinsa ba ne. Ya gayyaci wakilin hakimi, da limaminmu, da abokan cinikinsa, ya sa mata suka tanadi mai da itace. Nuhu ya zo da wasu attajirai uku da suka ce in abin ya yi kyau su ma za su haƙa nasu, kuma Ɗanbaba ne zai zaɓa musu iri. Tsohon ya iso da tarunsa da sabuwar hula.

Aka shiga ruwa aka ja daga wannan gefe zuwa wancan. Tun kafin a kai gaɓa na ga fuskar Ɗanbaba ta sauya, don hannunsa ya riga ya gaya masa tarun ba nauyi. Aka zazzage a kan ciyawa. Giwan ruwa uku ne suke ta bugun ƙasa, kowane ya kai kamu guda, sun yi ɓul-ɓul. Ko na huɗun bai tsira daga 'yan'uwansa ba. Karfasar da ta rage ba ta cika ƙwarya ɗaya ba. Aka sake ja har sau biyu, sai laka da kwaɗi.

Ladan yana da zuciya, kuma an kunyata shi a gaban manya. Bai tuna da furfura ba, bai tuna da Malam ba. Ya ce shi ya ɗauka masunci ya kira, ashe makaho ya kira. Ya ce in tsufa ya ci idon mutum ai sai ya faɗa, ba ya bari a yi wata takwas ana kiwon kura da dusa ba. Liman ya yi ta ba shi baki, bai ji ba.

Ɗanbaba ya matsa wurin kifayen. Ya durƙusa ya juya ɗaya daga cikin giwayen, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya miƙe ya nemo ni da ido a cikin taron.

"Ɗan Malam, waɗanda nab ba ka, ka zuba su gulbi?"

Duk jama'a suka juyo. Ga wakilin hakimi, ga Nuhu, ga Ladan yana huci, ga mutanen da nake auna wa wuya da hannu kowace ranar kasuwa.

"Na zuba, Baba."

Bai sake tambaya ba. Da ya maimaita ko sau ɗaya, ina jin da na fashe. Ya gyaɗa kai kawai, ya sa yatsu biyu ya shafa fatar idanunsa.

"Tau. Ɗan Malam ba shi yi man ƙarya. Laihin idona na."

Ya ba Ladan haƙuri, ya naɗe tarunsa jiƙe ya saɓa a kafaɗa, ya ƙi tsayawa cin abinci. Giwayen nan a gidanmu aka dafa su, aka zubo mini nawa kason. Na ci, don in na ƙi za a tambaye ni dalili.

An ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Nawa dai ban ga ƙarshensa ba, wani ne ya faɗa ciki. Kafin mako ya zagayo labari ya kai Shagari, ya wuce har Kajiji. Attajiran nan suka fasa, Nuhu ya nemi wani masunci. Masu su da ke kawo wa Ɗanbaba gardama suka daina. Wannan duk da sauƙi. Abin da ya fi muni shi ne tsohon da kansa ya yarda. Aka gaya mini ya daina zuwa gulbi, wai wanda ya kasa raba giwa da karfasa wata rana zai taka kada ya ce gungume ne.

Na yi niyyar zuwa in faɗa masa gaskiya, Allah ya sani. Sai dai kullum da dalilin da zai sa sai gobe. Ga ɗinkin salla ya taso, ga Ladan bai huce ba, gara a bari ƙura ta lafa. Daga ƙarshe na yi abin da matsoraci mai sana'a kan yi. Na yanko farin yadi mai kyau na ɗinka masa riga, na zauna na yi mata aiki a wuya da hannuna, na ce in na miƙa masa ita bakina zai buɗe.

Na same shi a gindin tsamiyar nan, ya rame. Ya yi murna da ganina har na ji kunya ta rufe ni. Ya karɓi rigar ya baza a cinya, yana bin aikin da kallo. Can sai ya sa farce a wani wuri ƙarƙashin wuya, ya ce a nan na tsallake zare biyu. Na karɓa na duba. Sai da na kai ta hasken rana na ƙanƙance ido kafin na gani, ni da na yi ɗinkin, ni da ban kai talatin ba. Na ce masa, Baba, ai idonka ya fi nawa. Ya yi 'yar dariya ya ce haka ido yake yi in zai tafi, yau ya nuna maka zare, gobe ya ɓoye maka giwa.

Nan ne wurin da ya kamata in yi magana. Ƙofa ta buɗe har ƙasa, ba abin da ya rage sai in shiga. Sai ga Rahamatu ta fito da fura, fuskarta da fara'a. Ta ce in taya su addu'a, an samu mai magani. Wani mutum ne da ke bin kasuwanni yana kwantar da yanar ido da tsinken ƙarfe, ya duba Baba ya ce yana ce ta fara, in aka taɓa ta yanzu zai koma ganin allura a cikin rairayi. Ta ce ita ta gaji da ganin ubanta a zaune kamar marar lafiya, ranar kasuwa mai zuwa za ta kawo mutumin har gida.

Na dubi idanun tsohon. Garau suke, in ban da ɗan hazon da ba a rasa wa mai shekaru. Na dubi Rahamatu. Na ce a raina bari ta koma ciki in gaya masa shi kaɗai. Ba ta koma ba, ta zauna tana ba ni labarin wata tsohuwa da aka ce mutumin ya warkar. Na shanye furar, na ce Allah ya sa a dace, na tashi don kada mota ta bar ni. A hanya na yi wa kaina alkawarin dawowa kafin ranar. Ranar ta zo ina shago ina yanka wandon wani ango.

Mutumin ya taɓa idanun tsohon duka biyu, a zama ɗaya. Suka kumbura, suka yi ruwa, tsohon ya yi kwana goma ba ya iya ɗaga kai don azaba. Da kumburin ya saɓe babu sauran gani. Mai maganin kuwa ya riga ya yi gaba, ba wanda ya san garinsu.

Na daina cin kasuwar Shagari. Ladan ya zuba tarwaɗa a tafkinsa, ruwan farko na damina ta bi ciyawa ta tafi kamar yadda aka gaya masa, daga nan ya bar wa mata wurin suna wanki. Ya manta da maganar. Ni kuwa in na zo zura zare a allura sai in tuna da idanun nan. Da kaka ta zagayo sai ga tabarmar banda daga Shagari kamar kowace shekara, 'yar kaɗan, Rahamatu ta saya a hannun wasu ta gyara, wai Baba ya ce kada a yanke abin da aka saba da gidan Malam. Washegari na hau mota.

Da rana tsaka na isa. Yana gindin tsamiya sanye da rigar da na ɗinka, yana gyaran tarun wani da lalube. Rahamatu ta tafi rijiya. Tun daga sallama ya gane ni. Ban tsaya dogon gaisuwa ba, don na san halina. Na durƙusa a gabansa na ce masa ban zuba su a gulbi ba, a tulu na juye su, kuma ƙarya na yi masa a gaban jama'a.

Hannunsa ya tsaya a kan tarun.

"Duka huɗun?"

Na ce duka.

"Had da ƙaramin nan?"

Na ce har da shi.

"Ashe babu wanda yaƙ ƙwace man," ya faɗa a hankali. "Ashe lahiyassu lau."

Na ga murmushi ya fara zuwa fuskarsa, irin na mutumin da aka mayar wa da kayansa da suka ɓace. Bai kai ƙarshe ba. Hawaye suka biyo daga ramukan nan biyu da suka shafe, suka gangara cikin gemunsa. Ban taɓa ƙin kaina kamar wannan lokaci ba.

Na ce masa zan gyara abin da zai gyaru. Zan gaya wa Ladan, zan nemo Nuhu, ranar kasuwa zan tsaya a tsakiyar masu kifi in faɗa da bakina cewa idon Ɗanbaba bai taɓa kuskure ba. Ina cikin magana ya laluba ya kama wuyan hannuna. Ban san tsoho na da irin wannan ƙarfi ba.

"Ba ka hwaɗa ma kowa. Rahamatu ita tak kawo mutumin ga. Ita tar riƙe kaina da hannunta biyu sadda shika aikin, ina ƙara tana ce man in yi haƙuri. Abu guda taka dogara gare shi yau, cewa idon dama ya tahi. In ta ji lahiyassu lau, mi kaka so ta yi da hannuwan nan nata?"

Na ce to sunansa fa, a bar mutane suna cewa ya kasa?

"Su ce. Suna ya hi ɗiya? Ka yi shiru sadda magana ad da amfani, ɗan Malam. Yanzu sai ka ci gaba da shirunka."

Na roƙe shi gafara, goshina a ƙasa. Ya saki hannuna ya koma lalubar tarunsa. Ya ce ba zai yi mini ƙarya ba, yau dai ba ya iyawa, amma in riƙa zuwa, wataƙila wata rana in tarar ya iya. Ya ce in share fuskata, ga tafiyarta nan yana ji.

Ta iso da tulu a ka, ta ga ni, ta sauke da sauri tana yi mini maraba. Ta tsufa a 'yan watannin nan. Muka gaisa, na zauna na yi hirar damina da tsadar gero kamar mutumin kirki. Da na tashi tafiya ta shiga ciki ta fito da karfasa banda guda biyar a cikin ganye. Na ce a'a, ta bar su, sun fi ni bukata. Tsohon, ba tare da ya ɗago ba, ya ce in karɓa. Na karɓa.

Ta raka ni har bakin hanya. A nan ta tsaya ta rage murya don kada ya ji, ta ce tun da abin ya faru mutane suka ɗauke ƙafa, har waɗanda suka ci arzikin idon nan shekara da shekaru. Ta ce ita ba ta ga laifin kowa ba, ƙaddara ce, ido dama ya riga ya tafi.

"Amma kai, Sama'ila, kai ɗan halas na. Allah shi saka maka da abin da kay yi muna."

Na ce amin.